Motar da Ta Ƙi Rantsuwa

Ƙawayen autata Hadiza ne suka sa ni wannan rubutu. Wata Asabar suna zaune a kan benci a bakin garejinmu na Dukawuya, suna cin gyaɗa suna kallona na sunkuya a kan inji, sai ɗaya ta ce, "Mama, ai yanzu aikin rewaya ya zama wasa. Ki soka kwamfuta, ta faɗa miki abin da ya lalace, ki cire ki sa sabo." Na ce mata, "Haka ne, 'yata. Miƙo min fulayar nan." Ni ban iya gardamar baki ba, kafin in haɗa amsa an wuce wurin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda a ajin yaƙi da jahilci an koya mana riƙe biro, ko da yake layina yana hawa tudu yana gangarowa.

Sana'ar tun farko ta Malam ce, maigidana. Rewaya ne, wato mai gyaran lantarkin mota, kuma garejin fili ne a jikin katangar gidanmu, akwai 'yar ƙofa da ta haɗa shi da tsakar gida. Da ciwon suga ya taɓa masa ido, kunnensa da yatsunsa ba su ragu da komai ba, amma launi ya ɓace masa. Sai ya riƙa shigowa da damin wayoyi har bakin murhu.

"Binta, wannan wace iri ce?"

"Shuɗiya mai ratsin fari."

"Wannan fa?"

"Ita ma shuɗiya ce, amma ratsinta ja."

"To kin hana ni ƙona wa wani mota. Koma kan miyarki."

Daga launi muka zo kan mita, na'urar auna wuta, ni kuwa lamba ba ta san ni ba, ban san ta ba. Sauran matan ajinmu sun shiga ne don su karanta katin asibiti da saƙon waya. Ni don mita na shiga. Ranar da malamarmu ta koya mana ɗigon da ake sawa tsakanin lambobi, ni kaɗai na yi ta murna a ajin, har aka zaci wani albishir aka yi min. A hankali na matsa daga tsakar gida zuwa zaure, daga zaure zuwa bakin 'yar ƙofar nan, har wata rana na ga na ɗaure hijabi ta baya ina cikin bonet. Unguwa ta yi magana, ta gaji, ta kawo motocinta.

Kayan aikina ba su cika akwati ba. Akwai mita. Akwai kwan gwaji, ƙaramin kwan fitila mai waya biyu, idan ka taɓa inda akwai wuta sai ya kama. Akwai allurar ɗinki, da ita nake bi ta bayan soket in taɓa waya ba tare da na yanke rigarta ba. Akwai tsohon buroshin haƙori, da ɗan madubin da na ciro daga gidan hoda don leƙa inda kai ba ya shiga. Kwamfutar ma muna da ita, Hadiza ce ta matsa aka saya, kuma ina gode mata. Tana faɗa maka unguwar da matsala take. Gidan da ɗakin, kai za ka bi lungu ka nemo.

Abin da aka fi sanina da shi wani bawul ne da ya zo da motocin Kwatano, makanikai na ce masa EGR, ni ina ce masa ƙofar hayaƙi. Aikinsa ya ɗebo kaɗan daga hayaƙin da ke fita ta salansa ya mayar wa inji, don zafin ƙunar cikinsa ya sauka. Idan mota tana gudu a titi, ƙwaƙwalwarta, akwatin nan da ake kira birenbos, tana buɗe ƙofar kaɗan kaɗan. Idan mota tana tsaye a silo, inji na kaɗawa ba a taka totur ba, dole ƙofar ta kasance a rufe ruf. Ta buɗe a lokacin, sai inji ya shaƙi hayaƙinsa, ya yi tari, ya girgiza kamar mai zazzaɓi, ya mutu.

Motar wani mai sayar da yadi ce ta fara koya min cewa ba kullum bawul ɗin ke da laifi ba. Ana jajibirin salla ya kai an wanke masa inji da ruwan famfo mai ƙarfi, aka shafe shi da baƙin mai har yana sheƙi. Bayan sati biyu fitilar gargaɗi ta kama, mota ta fara gargada. Yana zuwa ya ce a toshe bawul ɗin da marfin gwangwani kamar yadda ake yi, a liƙe fitilar da baƙin tef, kowa ya huta. Malam ya ce, "Alhaji, idan jariri yana kuka, bargo kake rufa masa?" Na cire soket ɗin na leƙa da madubi. Haƙoransa biyar sun yi kore shar kamar an zuba musu kuka. Buroshi da ɗan fetur suka gama aikin. Har gobe, duk bayan salla, ina ajiye buroshi biyu.

Ga yadda nake bi, don ku san ba soka kwamfuta ba ne kawai. Da farko ina cire bawul in duba ko kunkunniya ta hana ƙofar rufuwa. Sannan in auna naɗin wayar da ke cikinsa, wanda ke jan ƙofar, in ga ko ya tsinke ko ya ƙone. Sannan in koma kan soket. Wayoyi uku na ɗan aiken da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙofar ta tsaya ne, nakan tura ƙofar da yatsa a hankali ina kallon mita, lambar ta hau sumul ba tsalle. Sauran biyun na naɗin ne. Ɗaya tana kawo wuta daga fis, ɗayar tana tafiya wurin ƙwaƙwalwa, ita kuma idan tana son ƙofar ta buɗe sai ta haɗa wannan wayar da ƙarfen mota, wuta ta samu hanyar wucewa, naɗin ya ja. Ku riƙe wannan: muddin ƙwaƙwalwa ba ta haɗa ba, wutar tana bi ta cikin naɗin ta zo ta kwanta a waya ta biyun. Ka taɓa ta da kwan gwaji, sai ya kama, ka ɗauka wayar wuta ce ta kowa da kowa. Ba ita ba ce.

Shekarar da mai ya yi tsada, mutane suka jingine motoci suka koma adaidaita sahu, garejin nan kaji ne suka gaje shi. Na gyara cocila, na gyara fanka mai caji, na gyara injin markaɗen makwabciya wanda ba abin da ya same shi sai tsakuwa. Malam yana zaune a inuwa yana sauraron titi, mota ta wuce ya ce, "Fulogi ɗaya ba ya ci," ba mai tambayarsa. A ƙarshen wannan shekarar ne Ladidi ta yi sallama.

Ladidi ƙawata ce tun ajin yaƙi da jahilci, benci ɗaya muke zama. Mijinta Alhaji Garba na Mandawari mai maganin gargajiya ne, irin masu ɗaura lasifika a kan mota su tsaya a bakin kasuwa, inji na kaɗawa don kada batir ya sauka, suna tallar maganin basir da ciwon baya. Bakinsa shi ne jarinsa. Idan ya ɗauki makirfo, mai keke yakan sauka, mai talla takan ajiye faranti.

Ladidi ta zauna a tabarma, ta ƙi shan ruwa. Ta ce, "Binta, Alhaji ya ajiye sana'a. Ya kusa wata a gida, daga zaure sai masallaci. Buhun masara ya kai gindi."

"Rashin lafiya?"

"Motar ce. Ba ki ji labari ba? Ya haɗa sabon magani, ya sayi sabuwar lasifika mai baki kamar kwatarniya. Kin san yadda yake yi, ya yi bayani, ya yi bayani, in ya zo ƙarshe ya ja rantsuwa da dukan ƙarfinsa cewa wanda ya sha ya rabu da basir har abada. To yana jan rantsuwar sai mota ta yi tari ta mutu."

"Sau ɗaya?"

"Kullum. A kowace kasuwa. Yanzu mutane ba magani suke taruwa saya ba, taruwa suke su ga motar da ta fi mai ita tsoron Allah. Har masu shayi suna ce masa, Alhaji rantse mu gani."

Na rufe baki da gefen mayafi. Ita ma dariyar ta kufce mata, sannan ta haɗe rai.

"An canza bawul ɗin nan naku sau biyu a wurin makanikan Ƙofar Ruwa, don shi kwamfuta ke nunawa. A gareji mota lafiya lau, a kasuwa ta mutu. Shi ya ce ishara ce, ya gama. Da ƙyar na lallashe shi zai kawo miki gobe. Amma ina da roƙo." Ta matso. "Ki gyara, mu samu na cefane. Sai dai kada ki gaya masa abin da kika gani. Ki ce tunda ya bar rantsuwa ta warke da kanta. Shekara nawa ina fama da shi a kan rantse-rantsen nan, ni na san abin da ake dakawa a turmin, Binta, ni nake tankaɗewa. Abin da na kasa, mota ta yi. Kada ki kwance min."

Na ce, "Ladidi, ban taɓa ɓoye wa mai mota abin da na gani a motarsa ba. In na fara da mijinki, gobe ke ma ba za ki yarda da ni ba."

"Ai na san haka za ki ce. Tun a aji ba kya bari a leƙa allonki."

Washegari da hantsi Alhaji Garba ya iso, lasifikar a rufe da tsohon zani kamar an yi mata rasuwa. Ladidi ta riga shi, ta shige cikin gida ta laɓe a bayan 'yar ƙofa. Ya gaisa da Malam, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Mutumin da ake jin muryarsa daga wannan ƙofar gari zuwa waccan, ranar sai da na matsa kafin in ji shi.

"Malama Binta, don dai kada a ce na ƙi ne. Wannan ba aikin waya ba ne."

"To, Alhaji. Bari mu gaisa da ita kawai."

Na bi ta kamar yadda na saba. Ƙofa tsaf, sabon bawul ne. Naɗi lafiya. Ɗan aike yana hawa sumul. Soket fes. Na girgiza damin wayoyin inji na kaɗawa, ko gezau. Malam ya sa kunne ya ce wannan inji ko jariri aka kwantar a kansa zai yi barci.

Na tambayi Alhaji ko akwai wani abin da motar ke yi ban da wannan. Ya ce, "Lasifikar ma tana yi min. In ina gudu a titi na kunna wa'azi, sai ta riƙa shaƙewa tana dawowa. In na tsaya ta saki."

Malam ya juyo da kansa wajen da nake. A titi ƙwaƙwalwa ke buɗe ƙofar hayaƙi, a titi lasifika ke shaƙewa. Me ya haɗa su?

Na soka allura a bayan wayar da ke tafiya wurin ƙwaƙwalwa, na maƙala mita. Lambar batir ce cif. Na ce, "Alhaji, a cire wa lasifikar zanin nan, a kunna ta."

"A nan? Cikin unguwa?"

"A nan."

Yana murɗa maɓallin, lambar ta ɗan sauka. Kaɗan ne, amma ta sauka, kuma ba ta da dalilin sauka.

"Yanzu ka yi talla kamar kana kasuwa."

Ya ɗauki makirfo da yatsa biyu. Ya yi sallama ga jama'a, ya lissafa cututtuka a hankali, lambar tana rawa tare da muryarsa, inji na ɗan gyaran murya. Masu wucewa suka fara tsayawa. Da ya zo gaɓar da aka sani, sai ya sauke hannu.

"Ba zan faɗa ba, Malama. Ko za a ba ni garin nan."

"Ban ce ka faɗa ba. Ka ɗaga murya kawai, ka ja ta."

"In ce me?"

Malam ya miƙa hannu. "Ba ni nan, Alhaji. Ni ba ni da magani, ba abin da zan rantse a kai." Ya laluba ya riƙe makirfo, ya cika ƙirji, ya kwarara irin kiran masu tallar da a lungu: "Kananziiiir!"

Lambar mita ta faɗo. Na ji ƙofar hayaƙi ta yi ƙas a ƙarƙashin tafina. Inji ya yi tari biyu, ya girgiza, ya mutu. Wata tsohuwa ta leƙo daga gidan da ke kallonmu da kwalba a hannu.

Malam ya ce, "Alhaji, ko kananzir ɗin ma ƙarya ne?"

Aka tashi mota aka sake. Wannan karon gishiri Malam ya tallata, ta mutu. Ya kira mai facin roba, ta mutu. Titi ya cika da dariya, Alhaji kuwa yana tsaye baki buɗe.

Na bi wayar amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa lasifika ƙarfi, daga ƙarƙashin kujerar gaba, na kwanta da madubi a wurin ƙafar fasinja, inda ƙwaƙwalwar motar take. Ga ta nan: jar waya sabuwa dal, an feɗe rigar wata siririyar waya an murɗa ta a kai, an naɗe da tef. Mai gyaran rediyon da ya ɗaura lasifikar ya nemi wuta da kwan gwaji, ya taɓa wannan, kwan ya kama, ya ce alhamdulillahi. Ban ga laifinsa sosai ba, rediyo ya koya, ba mota ba. Wayar ƙofar hayaƙi ce. Duk wutar da lasifika za ta sha sai ta bi ta cikin naɗin bawul. Magana a hankali, wuta kaɗan, ƙofa na nan a rufe. An ɗaga murya an ja, lasifika ta zuƙi wuta da yawa, naɗin ya ja ƙofa, inji ya shaƙe. Kuma duk cikin tallar Alhaji ba inda yake ɗaga murya ya ja kamar wurin rantsuwa. A gareji kuwa, wa zai kunna lasifika?

Na kira Alhaji ya durƙusa, na haska masa, na bayyana masa duka, ina jin idon Ladidi a bayana ta tsagar ƙofa. Na warware jar wayar, na yi wa siririyar dalma na rufe ta, na ja wa lasifika wayarta daban tun daga batir, da fis ɗinta. Aka tashi mota. Malam ya sake tallar kananzir har tsohuwar ta fito tana faɗa. Inji ko tari.

Alhaji ya daɗe yana juya guntun jar wayar a hannu.

"Malama Binta, wayoyi nawa ne a wurin nan?"

"Suna da yawa, Alhaji. Dami ne guda."

"Kuma da ya kama wata, ba wannan ba?"

"Da ƙila fis ya ƙone, ko fitila ta riƙa lumshewa. Motar dai ba za ta mutu haka ba."

"To cikin damin nan duka, wa ya kai hannunsa kan wannan ɗin?"

Na ce, "Nan kuma mitata ba ta aunawa."

Malam ya miƙa masa makirfo. "Ga shi, an wanke ka. Mutane sun taru kyauta. Rantse mu gani."

Titi ya yi tsit. Alhaji Garba ya gyara hula, ya kai makirfo baki, har numfashinsa ana ji ta lasifika. Sannan ya yi magana da muryar da ake gaishe da surukai.

"Jama'a, ga maganin basir, ni na haɗa shi da hannuna. Wanda ya yi wa, ya gode wa Allah. Wanda bai yi wa ba, ya je asibiti, kada ya zauna."

Wani mai adaidaita ya ce a ba shi ƙulli biyu. Bayan 'yar ƙofa na ji Ladidi ta saki ajiyar zuciya har da salati.

Malam ya karkata kai yana sauraron injin, sannan ya ce, "Binta, ashe wahalar banza muka sha. Da wannan tallar ai ko ba a gyara ba, ba za ta mutu ba."